Awon Ciwon Baya ga Yara da Takardar Tambayoyi: Sharhi a kan Kalmomin Ma'aunin

Zazzaɓi yana da ma'auninsa, a sa wa yaro a hammata a karanta lamba. Nauyin jiki yana da sikeli. Amma ciwo ba shi da abin awo sai bakin mai jinsa, gama Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sabo da haka likitoci suka shirya takardun tambayoyi, a ba mara lafiya ya amsa, a ba ko wace amsa lamba, a tara lambobin, sa'an nan a ce ga iyakar ciwonsa, ga kuma iyakar abin da ya hana shi yi.

Nufina a nan in duba waɗansu daga cikin takardun nan da a ke auna ciwon baya da su, musamman ga yara da matasa. Sha'anin magani na likitoci ne, ba zan taɓa shi ba. Abin da na ke so in nuna shi ne, da kalmomi aka ƙera ma'aunin nan, in kuwa kalma ba ta zauna daidai a kunnen yaro ba, to, lambar da za ta fito ba abin dogara ba ce, kome kyan lissafin da aka yi da ita daga baya. Maganar ta shafi malaman makarantun horon malamai ƙwarai, don galibi a aji a ke raba irin waɗannan takardu, malamin aji kuwa shi a kan roƙa ya karanta wa yara su.

1. Takardun da asalinsu

Waɗanda suka fi shahara guda uku ne, dukansu kuwa don manya aka yi su. Ta farko ita ce ta Oswestry, wadda ta fito a Ingila cikin 1980. Tana da sassa 10, ko wane sashi da amsoshi 6, ana ba su lamba daga 0 zuwa 5. Ta biyu ita ce ta Roland da Morris, ita ma daga Ingila, cikin 1983, jimloli 24 ne, mutum ya zaɓi waɗanda suka dace da halin da ya ke ciki a ranar. Ta uku ita ce ta ƙasashen arewacin Turai, ta 1987, wadda ta raba jiki gida 9 a kan hoto, tana tambayar ko wurin ya yi ciwo cikin wata 12 da suka shige, ko cikin kwana 7.

Cikin 'yan shekarun nan masana gashin ƙashi da motsa gaɓɓai na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu sun fassara waɗansu zuwa Hausa. An buga sakamakon ta Oswestry cikin 2019, na ma'aunin lamba daga 0 zuwa 10 cikin 2020, sa'an nan ta Roland da Morris ta biyo baya. Wannan aiki ne mai daraja, ya kamata a yaba musu, balle da ya ke sun kula da mutanen karkara waɗanda ba su yi karatun boko ba. Amma a kan manya suka gwada su, ba su kuwa ce don yara suka yi su ba. Haɗarin da a ke gudu shi ne wani ya zo daga baya, ya ga takarda da Hausa, ya ɗauka ya kai firamare.

Ta yara da za mu fi dubawa ita ce wadda Lauridsen da Hestbaek suka shirya a ƙasar Danmak cikin 2013, don 'yan shekara 9 zuwa 11. Ta raba baya uku, watau wuya, da tsakiyar baya, da ƙasan baya, ko wane da zanensa. Tana tambayar sau nawa wurin ya yi ciwo, tana auna tsananinsa da hotunan fuskoki, sa'an nan ta tambayi ko ciwon ya hana yaro zuwa makaranta ko wasanni, ko kuwa ya sa an kai shi wurin likita.

Dalilin da ya sa aka bukaci irin wannan takarda a fili ya ke. Cikin 2007 waɗansu masana a Ostireliya suka tattara binciken da aka yi a kan matasa a ƙasashe dabam-dabam, suka tarar yawan waɗanda aka ce sun taɓa ciwon ƙasan baya ya kama daga kashi 7 har zuwa kashi 72 cikin 100. Ba shi yiwuwa a ce bayan yara ne ya bambanta haka. Babban rabo na wannan tazara daga tambayar ya fito: yadda aka bayyana ciwon, da wurin da aka nuna, da tsawon lokacin da aka ce yaro ya tuna. In an auna hatsi ɗaya da mudun gari biyu aka sami saɓani, mudun a ke tuhuma.

2. Hanyar fassara

Akwai ƙa'idar da Beaton da abokansa suka tsara cikin 2000, ita masu fassara irin waɗannan takardu su ke bi kusan ko'ina. Mutum biyu su fassara, ko wa shi kaɗai. A haɗa fassarorin su zama ɗaya. Waɗansu biyu da ba su ga asalin ba su mai da ita harshen farko. Kwamitin masana ya zauna ya daidaita. Daga nan a gwada ta a kan mutum 30 zuwa 40.

Hanya ce mai kyau wajen kama kuskuren da ya fito fili, kamar a tsallake layi ko a juya ma'ana. Amma akwai kuskuren da ba ta iya kamawa. Ga misali, jimlar tawa ce, na ƙirƙire ta don bayani: "Ka taɓa jin ciwo a baya?" Mai mai da fassara babba ne, mai ilimi, ga shi kuwa ya ga shafin duka maganar baya ya ke yi, sabo da haka zai mai da ita Turanci daidai, kwamiti ya sa hannu. To, amma a karanta wa yaro ɗan aji huɗu. "Jin ciwo" a bakin Bahaushe ya fi nufin samun rauni, kamar wanda ya faɗo daga bisa keke. "A baya" kuma tana iya nufin can da, lokacin da ya wuce. Ga ma'ana biyu nan, ga biyu can, jimla ɗaya ta haifi tambaya huɗu. Yaron da ya taɓa yankewa da wuƙa bara zai ce i, ya kuwa faɗi gaskiya. Wanda bayansa ya ke damunsa ko wane dare, amma bai taɓa faɗuwa ba, zai ce a'a, shi ma ya faɗi gaskiya. Da an ce "Bayanka ya taɓa yi maka ciwo?" da an huta, ga shi kuwa a Turanci jimlolin biyu abu ɗaya za su koma.

Watau mai da fassara yana gwada fahimtar mai fassara ne kawai. Fahimtar yaro ba a sanin ta sai an tambayi yaro abin da ya gane.

3. Ciwo da baya

Kalmar "ciwo" tana da faɗi ƙwarai. Tana nufin zafin da a ke ji, tana nufin cuta, kamar ciwon suga, tana kuma nufin rauni ko gyambo, har a ce a wanke ciwon a ɗaure. A gefenta akwai zafi, da zogi, da raɗaɗi, da suka, da tsami. Akan ce baya ya ƙage, ko ya riƙe, ko ya sage. Yaron da ya yini a duƙe yana noma zai ce jikinsa ya yi tsami, ko ya ce gajiya ce, ba zai kira wannan ciwo ba, don a wurinsa mai ciwo shi ne wanda ya kwanta a ka zo gaishe shi. Alhali kuwa takardar arewacin Turai tana so a ƙidaya har da 'yar damuwar da ba ta kai ga kwanciya ba. In an sa "ciwo" kaɗai, an zubar da waɗannan yara. In kuma an sa "gajiya", an kwaso aji duka.

Haka kuma wurin. Abin da likita ya ke nufi da ƙasan baya shi ne daga haƙarƙarin ƙarshe zuwa ƙarƙashin mazaunai. Bahaushe bai yanka jiki a wannan gaɓa ba. Yana da baya, da gadon baya, da ƙugu, da kwankwaso, da tsatso, iyakokinsu kuwa suna shiga juna, suna kuma sakewa daga gari zuwa gari. Ƙugu ya zagaye jiki har gaba, inda a ke ɗaura zane. Kwankwaso ga waɗansu ya gangara har mahaɗar cinya. Tsatso kuwa yaran birni da yawa sun fi jin ta wajen maganar zuriya, a ce wane tsatson wane ne. Wuya ma haka, ciwon wuya yana iya zama na maƙogwaro, alhali takarda ƙeya da doron wuya ta ke nufi.

A nan mutanen Danmak sun yi dabara, da suka sa zane kusa da ko wace tambaya. Zane yana rage gardamar suna. Sai dai shi ma karatu ne, sai an koya. Yaron da bai saba ganin an zana mutum ta baya an shafa wa wani wuri inuwa ba, yana iya ɗaukar inuwar riga ce ko ɗamara. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ce ya ɗora hannu inda ya ke masa ciwo, mai tambaya ya sa alama a zanen.

4. Yawa da lokaci

Takardar Danmak ta ba yaro zaɓi huɗu a jere, daga mai yawan ciwo zuwa wanda bai taɓa yi ba. Na farko da na ƙarshe ba su da wuya. Na tsakiya ne abin lura. Muna da "wani lokaci", da "lokaci-lokaci", da "jefi-jefi", da "can ba a rasa ba". Mai karatu ya gwada ba ɗalibansa goma waɗannan, ya ce su jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, zai ga ba lalle su jera su iri ɗaya ba. Tsanin da matakansa ba su da tabbataccen jeri ba ya aunuwa. Har wa yau Hausa tana nuna sabo a cikin aikatau kansa, "yakan yi mini ciwo" dabam ne da "ya yi mini ciwo". In mai fassara ya sa "kan" a cikin tambaya, ya riga ya zaɓar wa yaro amsa.

Batun wata 12 kuwa, ko babba bai cika tuna abin da bayansa ya yi wata goma da suka wuce ba, balle ɗan shekara 10. Yara ba da watannin Turawa su ke riƙe lokaci ba. Da damina da kaka da hunturu da bazara su ke riƙe shi, da Ƙaramar Salla da Babba, da zangon karatu da hutu. Wani zai ce shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kwana 11, don haka "daga Sallar bara zuwa yau" bai cika shekara ba. Gaskiya ne, amma kuskuren kwana 11 ƙarami ne in an gwada shi da na yaron da aka ce ya tuna wani lokaci wanda ba shi da alamar farkonsa. Ga wata fa'ida kuma, ciwon bayan yaron ƙauye yana bin aikin shekara. Wanda aka tambaya tsakiyar noman farko da wanda aka tambaya da rani ba za su ba da amsa ɗaya ba, ya kamata a rubuta lokacin da aka yi tambayar.

5. Fuskoki da lambobi

Ma'aunin fuskoki iri biyu ne suka fi yaɗuwa. Na Wong da Baker, daga Amurka, yana da fuska 6, ya fara da mai murmushi ya ƙare da mai hawaye. Ɗayan, wanda aka sake gyarawa cikin 2001, shi ma fuska 6 ne, ana ba su lamba 0, 2, 4, 6, 8, 10, amma babu murmushi a farkonsa, babu hawaye a ƙarshensa. Shi mutanen Danmak suka ɗauka, sun kuwa yi daidai. Tun 1998 Chambers da Craig suka nuna a Kanada cewa fara jeri da fuska mai murmushi yana karkatar da amsar yara, don yaron da ba ya jin ciwo amma ba ya cikin farin ciki ba zai zaɓi mai murmushi ba.

A wajenmu hawayen sun fi murmushin ɓarna. Ana horon yaro da dauriya tun ranar kaciya, ana ce masa namiji ba ya kuka. Ɗan shekara 13 ba zai nuna fuska mai hawaye a gaban sa'o'insa ya ce shi ne wannan ba, ko da bayan zai tsinke. Sa'an nan ga wani abu kuma: an jera fuskokin daga hagu zuwa dama. Yaron da ya fara karatu da allo daga dama ya ke farawa. In an ce masa fuskar farko ba ciwo, ta ƙarshe ciwo mai tsanani, ba tare da an ɗora yatsa a kai ba, yana iya juya ma'aunin gaba ɗaya. Ma'aunin lamba daga 0 zuwa 10 kuma, wanda a kan ba yara daga shekara 8, yana bukatar yaro ya gane sifiri, ya kuma gane cewa lambar tsanani ta ke nufi. In ba a bayyana ba, sai ya ɗauka sau nawa a ke tambaya, ko kwana nawa.

6. Ayyukan da a ke tambaya

Ko wane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Ta Oswestry tana tambayar zama a kujera, da tafiya a mota, har da sha'anin aure, wanda ba a yi wa yaro maganarsa. Ta Roland da Morris tana tambayar riƙe makarin bene in ana hawa, da wahalar sa safa. Ta Danmak ta fi kusa da yara, amma yaran Danmak, masu zuwa makaranta ko wace rana, masu ƙungiyar wasanni, waɗanda a ke kai wa likita.

Me bayan yaron ƙasar Hausa ya ke yi daga safe zuwa dare? Yana ɗebo ruwa, yana ɗauko itace, yana duƙawa da fartanya. Yarinya tana goyon ƙane, tana daka da surfe, tana ɗaukar farantin talla a ka. Suna zama a tabarma ko a ƙasa a duƙe bisa allo, suna tsugunawa, suna ruku'u da sujada. Takardar da ba ta tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, za ta ce yaro lafiyarsa lau, alhali ya kasa ɗaga bokiti. In an ce "An kai ka wurin likita?" zai ce a'a, ko da wanzami ya yi masa ƙaho, ko mai ɗori ya taɓa shi, ko an sayo masa ƙwaya a kemis. Batun fashin makaranta kuma ba ya auna kome ga miliyoyin yaran da ba sa zuwa makarantar boko, su ne kuwa suka fi ɗaukar kaya.

Abin koyi daga mutanen Danmak ɗin shi ne abin da suka yi daga baya. Da za su shirya takarda ta biyu, wadda ta fito cikin 2021 don 'yan shekara 9 zuwa 12, sai suka fara zama da yara masu ciwon, suka ji daga bakinsu abin da ya dame su, suka tarar takardun manya ba su ƙunshi da yawa daga ciki ba. Hanyarsu ce ta kamata mu ara, tambayoyin kuwa mu samo namu.

7. Mai tambaya da mai amsa

Takarda ba ta tambayar kanta. Inda yara ba su iya karatu sosai ba, babba ne zai karanta, a nan kuwa ladabi ya ke shigowa. An koya wa yaro kada ya yi wa na gaba da shi musu. In malam ya ce, "Kai Audu, bayanka yana ciwo, ko?" amsar da za ta fito ita ce, "I, Malam." In an tambayi mara lafiya yaya jiki, "da sauƙi" zai ce, ko yana magagin mutuwa, don amsar gaisuwa ce. Takardar da ta sa "da sauƙi" cikin matakan samun lafiya za ta tara gaisuwa ta kira ta sakamako.

A kuma kiyayi tambaya mai korewa. In ka ce wa Bahaushe "Ba ya ciwo?" ya ce "I", nufinsa haka ne, ba ya ciwo. Bature "a'a" zai ce a wannan wuri. Mai tara lamba da ya bi tsarin Turanci zai rubuta kishiyar abin da yaro ya faɗa. Hausa kuma tana bambanta "ka" da "ki", sabo da haka takarda biyu a ke bukata, don jimla mai "ka/ki" ba ta karantuwa da baki. Budurwa kuwa ba za ta gaya wa malami namiji cewa bayanta yakan yi ciwo tare da mara lokacin al'ada ba. Sai mace ta tambaye ta, a keɓe.

Wannan ba wasan nahawu ba ne kawai. Nijeriya ta fi ko wace ƙasa yawan jariran da a ke haifa da amosanin jini, watau sikila, baya kuwa yana cikin wuraren da ciwonta ya ke kamawa. Tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya har ya bar yaro da ƙusumbi. Takardar da aka shirya inda waɗannan cututtuka ba su da yawa tana iya zuba irin waɗannan yara cikin jimlar masu nauyin jakar makaranta. Ya kamata tamu ta tambayi zazzaɓi, da rama, da ciwon da ke ta da yaro daga barci, ta kuma gaya wa malami cewa mai irin wannan amsa asibiti za a kai shi, kada a tsaya tara masa lamba.

8. Abin da ya kamata a yi

Na farko, a fara da bakin yara. A zauna da su, maza dabam mata dabam, na birni da na ƙauye, 'yan boko da almajirai, a Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, a rubuta kalmomin da su ke faɗa da ayyukan da ciwon ya ke hana su. Na biyu, a gina tambayoyi da waɗannan kalmomi, gajeru, ba korewa a cikinsu, ko wace da abu ɗaya tak da ta ke nema. Na uku, bayan ko wace tambaya a ce wa yaro ya maimaita ta da tasa maganar, duk wadda ta dawo da ma'ana biyu a sake ta. Na huɗu, a sa masanin harshe da malamin firamare a cikin aikin tun daga farko, kada a jira sai ranar duba rubutu. Sai an gama waɗannan sa'an nan lissafin masu ƙididdiga zai sami abin tsayawa a kai.

Likitoci sun san ƙashi da jijiya. Mu kuma a sashen Hausa da makarantun horon malamai mun san yadda yaro ya ke jin magana, ɗalibanmu kuwa suna shiga azuzuwan da likita ba ya zuwa. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kai, ga aiki nan: ya tattara kalmomin ciwo da sunayen sassan baya a bakin yaran garinsu, ya nuna wa ke faɗar wace, a wane hali. Ba a fafe gora ranar tafiya, gara a tanadi kalmomin tun kafin mai bincike ya iso ƙofar aji da takardarsa.